Malaman da Suka Bi Sawun Matan da Suka Ƙi Yaƙi

A shekarar 1919 hukumar Kwalejin Wellesley, wata fitacciyar makarantar mata a jihar Massachusetts ta Amurka, ta ƙi sabunta wa Emily Greene Balch kwantiragin aikinta. Shekarunta 52 a lokacin, ta haura shekara 20 tana koyarwa a wurin, har ta shugabanci sashen tattalin arziki da ilimin zamantakewa. Ba a kama ta da sakaci ba, babu kuma wanda ya ce ba ta iya aikinta ba. Abin da ya jawo mata shi ne ta fito fili ta ƙi Yaƙin Duniya na Ɗaya a daidai lokacin da ƙasarta ke buga gangar shigarsa. A 1946 aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya saboda wannan aikin da ya raba ta da kujerarta.

Haka reshen ilimin zamantakewa mai nazarin mata da zaman lafiya ya taso, ƙafa ɗaya a aji, ɗaya a dandalin zanga-zanga. Mafi yawan waɗanda suka yi suna wajen nazarin gwagwarmayar mata da ƙungiyoyin neman zaman lafiya, su ma 'yan gwagwarmayar ne. Shi ya sa tambayar da ke bin fannin har gobe ita ce: shin bincike ne suke yi, ko yabon abokan tafiya? Tambayar ba ta raini ba ce, tana da tushe, kuma yadda kowace malama ta tunkare ta shi ne ke bambanta aikin da ya daɗe ana karantawa da wanda aka manta da shi.

Balch na cikin mata sama da 1,100 daga ƙasashe 12 da suka taru a birnin Hague na Holan a ƙarshen Afrilun 1915, ana tsakiyar yaƙi, suna neman ƙasashen da ba ruwansu da faɗan su shiga tsakani. Wadda ta shugabanci taron ita ce Jane Addams, mai gidan Hull House na Chicago, inda tun 1889 mata masu ilimi suka tare a unguwar talakawa da baƙin haure suna ƙirga gidaje, suna rubuta albashin ma'aikata, suna zana taswirar wane ne ke zaune a ina. Aikin masana zamantakewa ne tsantsa, Addams ma ta sha buga maƙaloli a babbar mujallar fannin ta Amurka. Amma da sassan jami'a suka kafu, maza suka riƙe su, sai aka ware ta a ajin masu taimakon gajiyayyu, aka share sunanta daga jerin iyayen fannin. Sai a 1988 wata masaniya, Mary Jo Deegan, ta fitar da littafin da ya dawo da ita gurbinta.

Wadda ta mayar da lamarin abin koyarwa sosai ita ce Elise Boulding. An haife ta a Oslo a 1920, aka kai ta Amurka tana ƙarama, ta tashi da tunanin cewa in duniya ta rikice akwai Norway, ƙasar da yaƙi ba ya zuwa. Da sojojin Hitler suka mamaye Norway a 1940, wannan tunani ya rushe. Ta auri masanin tattalin arziki Kenneth Boulding, ta raini 'ya'ya biyar, ba ta samu digirin digirgir ba sai 1969 a Jami'ar Michigan, tana dab da shekara 50. Ta koyar a Colorado, sannan a Dartmouth, tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu binciken zaman lafiya ta duniya. Hujjarta mai sauƙi ce amma ta sauya alƙiblar fannin: littattafan tarihi sun cika da yaƙe-yaƙe da sarakuna, alhali mafi yawan kwanakin ɗan Adam a duniya a cikin sasantawa suke wucewa, a gida, a kasuwa, tsakanin maƙwabta, kuma mata ne ke ɗauke da kaso mai yawa na wannan aiki ba tare da an rubuta ba. In haka ne, zaman lafiya ba rashin yaƙi ba ne kawai, sana'a ce da ake koya, ana iya zuwa a ga yadda ake yin ta.

Daga nan aka shiga muhawarar da ta fi kowace zafi. Me ya sa mata ke ware kansu su yi tasu ƙungiyar? Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce: mace uwa ce, ita ta san zafin haihuwa, don haka ba ta son yaƙi. Akwai abin da ke ƙarfafa wannan zance. A ranar 30 ga Afrilun 1977 iyaye mata 14 suka tsaya a dandalin Mayo na birnin Buenos Aires, gaban fadar gwamnatin sojan Ajantina, suna tambayar ina 'ya'yansu da aka ɗauke. An hana taro, sai suka koma zagaye dandalin bibbiyu kowace Alhamis, da farin kallabi a ka. A Amurka kuwa, da wani kwamitin majalisa mai farautar 'yan gurguzu ya kira matan da ke adawa da gwajin makaman nukiliya a Disambar 1962, sai suka cika zauren da jarirai da furanni, suka mai da zaman abin dariya a jaridu.

Sai dai masu bincike da suka duba da kyau sun ga cewa uwantaka a nan dabara ce da garkuwa, ba ɗabi'ar jini ba. Gwamnatin da ke wa'azin darajar uwa tana jin nauyin dukan uwa a bainar jama'a, matan kuma sun san haka sarai. Garkuwar ma ba kullum take tarewa ba: a Disambar 1977 aka sace Azucena Villaflor, jagorar iyayen na Ajantina, aka kashe ta. A ɗaya gefen kuma akwai Pauline Nyiramasuhuko, uwa, ministar harkokin iyali da mata ta Ruwanda, wadda kotun duniya da ke Arusha ta samu da laifin kisan ƙare dangi a 2011. Duk malamar da ta tsaya a kan cewa mace ba ta da mugunta, wannan shari'a kaɗai ta isa ta rusa mata kundi.

Sasha Roseneil ta san wannan daga ciki. A Satumbar 1981 wasu mata 36 suka tako a ƙasa daga Cardiff zuwa sansanin sojan sama na Greenham Common a Ingila, inda aka shirya girke makamai masu linzami na nukiliya 96 na Amurka. Suka kafa sansani a bakin ƙofa, daga baya suka ce na mata ne zalla. A Disambar 1982 mata kusan 30,000 suka riƙe hannun juna suka kewaye shingen sansanin kaf. Kowace ƙofa an raɗa mata sunan launi, kowace da halin mazaunanta. Bukkokinsu na rassan itace ne da aka lanƙwasa aka rufa da leda, ma'aikatan kotu su zo da safe su kwashe komai su zuba a motar shara, kafin dare matan sun sake ɗaurawa, sun hura wuta sun ɗora butar shayi. Roseneil ta bar makarantar sakandare ta tare a can tana budurwa, daga baya ta yi digirin digirgir a kan sansanin, littafin ya fito a 1995. Abin da ta nuna shi ne, ko da wasu sun zo da sunan kare 'ya'yansu, zaman wurin ya sauya su: sun koyi yanke shawara ba tare da shugaba ba, sun koyi tsayawa gaban alƙali, da yawa sun koma gida ba su yarda da tsarin da suka bari ba. An kwashe makaman a 1991 bisa yarjejeniyar da Reagan da Gorbachev suka sa wa hannu a 1987, ana kuma ta jayayya kan ko sansanin ya taka wata rawa a ciki. Amma tasirinsa a kan matan da suka zauna a cikinsa, wannan an auna shi, an rubuta shi. Yarinyar da ta kwana a bukkar leda ita ce ta zama shugabar Jami'ar Sussex a 2022.

In ana neman wadda ta fi kowa nuna yadda ake wannan aiki ba tare da zama maroƙiya ba, Cynthia Cockburn ce, wadda ta rasu a 2019 tana da shekara 85. Ba da nazarin yaƙi ta fara ba. Littafinta na 1983 a kan maza masu haɗa haruffa ne a gidajen ɗab'i na Landan, da yadda suka ji da kwamfuta ta zo ta mai da sana'arsu irin aikin da suke raina mata da shi. Wannan ido na lura da yadda mazantaka ke manne da aiki da iko, shi ta ɗauka ta shiga fagen yaƙi da shi. A tsakiyar shekarun 1990 ta zaɓi ƙungiyoyi uku da mata daga ɓangarorin da ke gaba da juna ke aiki tare: gamayyar cibiyoyin mata na unguwannin Katolika da na Furotesta a Belfast, da ƙungiyar Bat Shalom ta Yahudawa da Falasɗinawa a arewacin Isra'ila, da cibiyar Medica ta garin Zenica a Bosniya, inda ake jinyar matan da aka yi wa fyaɗe a yaƙi. Ta zauna da su, ta halarci tarukansu, ta ɗauki hotunansu, ta mayar musu da abin da ta rubuta su gyara ko su musanta kafin a buga.

Abin da ta samo bai yi kama da waƙar 'yan'uwantaka ba. Matan ba su yarda da juna a kan manyan batutuwa ba, ba su ma yi kamar sun yarda ba. Dabararsu ita ce su san abin da za a tattauna yau da abin da za a ajiye sai an fi sabawa, su daina ɗauka cewa sunan mutum ko addininsa ya riga ya faɗi ra'ayinsa, su kuma amince cewa an yi zalunci, ba wai rashin fahimta ce kawai ta haɗa faɗan ba. Cockburn ta rubuta saɓaninsu da gajiyarsu da rashin daidaiton da ke tsakaninsu, alal misali tsakanin Bayahudiyar da ke zaune a gonar gandu da Bafalasɗiniyar da aka ƙwace wa kakanninta ƙasar. A 2012 ta koma wuraren uku ta duba abin da ya saura, ta tarar wasu ƙawancen sun watse, ta rubuta hakan ma. Ita kanta 'yar ƙungiyar mata masu baƙaƙen kaya ce, waɗanda suka faro tsayuwar shiru a Ƙudus a Janairun 1988, tana fita tsayuwar a Landan. Kasancewarta 'yar gida bai hana ta faɗin abin da ta gani ba, shi ne ma ya buɗe mata ƙofofin da baƙo ba zai shiga ba.

Wata kuma daga aji ta wuce teburin sulhu kai tsaye. Monica McWilliams a lokacin malama ce a Jami'ar Ulster, tana bincike kan dukan mata a gidajen aure. Da aka shirya zaɓen waɗanda za su zauna tattaunawar Ireland ta Arewa a 1996, aka ce jam'iyyu goma da suka fi ƙuri'a kowace za ta samu kujeru biyu. Mata daga ɓangarorin biyu suka kafa jam'iyya cikin makonni, suka samu kusan kashi 1 cikin 100, suka zo na tara. A zauren muhawara wasu 'yan siyasa maza har kukan shanu suke yi in ta tashi magana. Duk da haka, da hannunta a yarjejeniyar 10 ga Afrilun 1998, kuma batun haƙƙin waɗanda rikicin ya shafa da makarantun da ke haɗa 'ya'yan ɓangarorin biyu na cikin abin da matan suka dage a saka. Jam'iyyar ba ta yi tsawon rai ba, an rufe ta a 2006.

Bayan da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325 a ranar 31 ga Oktoban 2000, wanda ya nemi a riƙa sa mata a harkar sulhu, fannin ya samu kuɗi da kujeru, ya kuma samu sabuwar matsala. Masu ba da tallafi lamba suke so. Christine Bell da Catherine O'Rourke sun duba yarjejeniyoyin sulhu 585 da aka ƙulla daga 1990 zuwa 2010, suka ga kashi 16 cikin 100 kaɗai suka ambaci mata. Jana Krause da abokan aikinta sun duba guda 130 daga 1990 zuwa 2014, suka ga 13 ne kacal ke da sa hannun mace, kuma waɗannan sun fi daɗewa ba su wargaje ba. Wata lambar da ta fi kowace yawo a jawaban manya ita ce wai shigar mata na ƙara yiwuwar yarjejeniya ta kai shekara 15 da kashi 35 cikin 100. Malamin kirki kan karɓi irin wannan da taka-tsantsan. Yarjejeniya 13 ba yawa ba ce, kuma mai yiwuwa ne tattaunawar da tun farko ta buɗe ƙofa ga jama'a ita ce ke ba mata kujera, ita ce kuma ke daɗewa, ba wai sa hannun macen ne ya riƙe ta ba.

Laberiya ce wurin da ya fi dacewa a gwada wannan. A 2003 Leymah Gbowee ta tara matan coci, Asatu Bah Kenneth, jami'ar 'yan sanda, ta tara matan Musulmi. Suka sa fararen riguna da farin ɗankwali, babu kwalliya babu sarƙa, suka zauna a wani fili kusa da kasuwar kifi ta Monrovia, a bakin hanyar da ayarin motocin shugaban ƙasa Charles Taylor ke bi kullum, rana ta dake su, ruwa ya dake su. Da tattaunawar sulhu ta birnin Accra ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, 'yan tawaye da wakilan gwamnati na hutawa a otal ana ta ruwan harsashi a gida, sai matan suka zauna a ƙofar zauren suka sarƙe hannuwa suka ce ba mai fita. Da jami'an tsaro suka zo kama Gbowee, ta yi barazanar tuɓewa tsirara, abin da a al'adarsu tsinuwa ce babba. Mai shiga tsakani, Janar Abdulsalami Abubakar, ya goyi bayansu. An sa hannu a yarjejeniyar sulhu ranar 18 ga Agusta. To amma a cikin waɗannan makonni 'yan tawaye sun yi wa Monrovia ƙawanya, kotun Saliyo ta bayyana tuhumar Taylor, sojojin Najeriya sun sauka, Taylor ya tafi Kalaba ranar 11 ga wata. Ɗan jarida na iya cewa mata sun tsayar da yaƙi ya wuce. Aikin mai bincike shi ne ya tantance gwargwadon nauyin kowanne, ko da amsar ba za ta yi wa masu shirya taron karramawa daɗi ba.

Haka nan abin da ke biyo bayan sulhu. Aili Mari Tripp ta Jami'ar Wisconsin ta nuna a 2015 cewa ƙasashen Afirka da suka fito daga dogon yaƙi sun fi sauran saurin ba mata kujerun majalisa da gyara dokoki. Ruwanda ta kai kashi 56 cikin 100 a 2008, ta zama ta farko a duniya da mata suka yi rinjaye a majalisa. Marie Berry, masaniyar zamantakewa a Jami'ar Denver, ta yi hira da mata sama da 260 a Ruwanda da Bosniya ta ƙara wata tambaya: waɗanne mata? Ta tarar cewa kujerun sun fi zuwa hannun masu ilimi da ke kusa da jam'iyya mai mulki, mai tallar kayan miya a titin Kigali kuwa 'yan sanda na korar ta, kuma gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji kan jera waɗanda aka zalunta sahu-sahu, wata bazawara a san da ita, wata a manta da ita saboda ɓangaren da mijinta ya fito.

Malaman Afirka sun riga sun hango irin wannan tun da daɗewa. Amina Mama, haifaffiyar Kaduna, ta yi rubutu a 1995 da 1998 kan yadda gwamnatocin soja a Najeriya suka riƙa amfani da ofishin uwargidan shugaban ƙasa wajen mamaye fagen mata, tun daga shirin Maryam Babangida na 1987. A 1997 ma an yi taron matan shugabannin Afirka kan zaman lafiya a Abuja, ƙarƙashin gwamnatin da ke tsare da 'yan adawa. Ita da Ayesha Imam, wadda ta koyar da ilimin zamantakewa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Fatou Sow ta Senegal, sun shirya wani kundi a 1997 da ya matsa wa masana nahiyar su daina ɗaukar batun mata a matsayin ƙarin babi a ƙarshen littafi. Matsalar da ta fi addabar malamin Afirka a yau ba ta ra'ayi ba ce, ta aljihu ce. Albashi ba ya kai wata, kuɗin bincike babu, sai ƙungiyar waje ta zo da kwangilar rahoto na mako shida da tambayoyin da aka riga aka tsara a Turai. Rahoton zai biya kuɗin makarantar yara, amma ba zai zama irin aikin Cockburn ba, wanda ke cin shekaru ana komawa wuri guda.

Hanyar shiga fannin ba ta da wani sirri: digiri na farko, na biyu, sannan digirin digirgir da kan ci shekara huɗu zuwa bakwai, da koyon harshen mutanen, da izinin kwamitin da ke tabbatar da ba za a jefa waɗanda aka yi hira da su cikin haɗari ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe wasu na ganinsa cike takarda ne kawai. Pınar Selek ta Turkiyya tana bincike kan rikicin Kurdawa aka kama ta a 1998, aka azabtar da ita don ta faɗi sunayen waɗanda ta zanta da su, ta ƙi. Sai aka ɗora mata alhakin wata fashewa da ta auku a kasuwar kayan yaji ta Istanbul. Ta yi shekara biyu da rabi a kurkuku, kotu ta wanke ta sau huɗu, ana soke hukuncin ana sake shari'ar, yanzu tana koyarwa a Faransa ba ta iya komawa gida. A Janairun 2016 malamai 1,128 suka sa hannu a takardar neman a daina luguden wuta a garuruwan Kurdawa a koma teburin sulhu. Ɗaruruwa sun rasa aikinsu, aka ƙwace fasfonsu, sai a 2019 kotun tsarin mulki ta ce an tauye musu 'yancin faɗin albarkacin baki.

Wata tambayar da fannin ya koma kanta a 'yan shekarun nan ta fi kusa da ƙasa: maimakon a tambayi me ya sa aka yi faɗa a nan, a tambayi me ya sa ba a yi a can ba. Jana Krause ta yi wannan aiki a Jos, inda rikicin 2001 da 2008 da 2010 ya ci unguwanni da dama amma Daɗin Kowa, unguwar Musulmi da Kirista a cakuɗe, ta tsira ba a yi kashe-kashe ba. Ta tarar dattawa da malaman addini sun ɗaure matasa da alkawarin ba za a taɓa maƙwabci ba, ba kuma za a bar na waje ya shigo ba, ƙungiyoyin mata kuma su ne ke sa ido a kan samari, su kai rahoton jita-jita tun ba ta girma ba, su mara wa namijin da ya ƙi ɗaukar makami baya don kada a kira shi rago. A unguwannin da aka gwabza kuwa, ta samu mata a cikin masu zuga mazan da yi musu hidima.